01992 ko 01938: wace lamba ake sa wa aikin sa barci a allurar ƙashin baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na fara aikin shigar da lambobin caji a wani asibitin masu ciwon baya a nan Amurka. Likitanmu ya yi wa wani dattijo mai Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, allurar efidural ta gefe, wato wadda ake yi a kewayen laka, a gaɓar tsatso ta L4-L5, yana bin allurar da hoton fuloroskofi, wato hoton X-ray mai nuna ciki kai tsaye, dattijon yana kwance rub da ciki, nas mai sa barci kuma ta zauna a kansa minti 22. Takardar da na tarar manne a bango ta ce 01936, wadda ke koya mini aiki ta ce 01992 tunda rub da ciki ne, manhajarmu kuma 01938 take nuna mini. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar sabon aiki. A aikin da kika kwatanta, 01938 ce lambarki. Manhajar ta dace wannan karon, amma kada ki saba bin ta ido rufe, don abin da aka zuba mata kawai take maimaitawa. Gara ki riƙe dalilin a kanki.

Takardar bangon nan ki cire ta yau. Ƙungiyar likitocin Amurka, AMA, mai kundin lambobin ayyukan likita da ake kira CPT, ta soke 01935 da 01936 tun 1 ga Janairun 2022. Duk aikin da aka yi daga ranar zuwa yau, in kika sa masa ɗaya daga cikinsu, takardar ba za ta ma kai gaban mutum ba, kwamfuta ce za ta dawo miki da ita. Ranar da aka yi wa mara lafiya aiki ake dubawa, ranar da kika tura takarda ba ta da tasiri. Tsofaffin lambobin da niyyar likita suka raba aiki: 01935 in bincike ne, 01936 in magani ne, kowacce da maki 5, wato ma'aunin da ake lissafa kuɗin sa barci da shi. Sai ya zamana allurar da ba ta wuce minti goma ba da aikin ɗura siminti a ƙashin baya da ya burma duk kuɗinsu ɗaya. Aka wargaza su zuwa shida.

Shidan nan bibbiyu suke tafiya, kuma a kowane biyu ta farko ta wuya ce da tsakiyar baya, ta biyu ta tsatso ce da ƙashin sakram da ke ƙasa da shi. 01937 da 01938 na allura ne, ko zuƙo ruwa, ko zubar da shi, ta cikin fata tare da jagorar hoto. 01939 da 01940 na kashe jijiya ne, ko da zafin na'ura ko da sinadari. 01941 da 01942 kuwa na sa wayar lantarki mai dakushe ciwo ne, da kuma aikin da ake yi a cikin ƙashin kansa, irin ɗura simintin nan. A jadawalin Medicare huɗun farko makin tushe 4 ke gare su, biyun ƙarshe 5. Dattijonki allura aka yi masa, da hoto, a tsatso. Sharuɗɗa uku sun cika, babu wata lamba da ta faɗi aikin nan dalla-dalla kamar 01938.

Ita kuma mai koya miki aiki, na san inda ta samo nata. 01991 da 01992 suna nan daram, ba a soke su ba. Bayaninsu ya ce sa barci don allurar toshe jijiya ko wata allura ta bincike ko ta magani, idan wani likita daban ne ya yi allurar. 01992 ta wanda ke kwance rub da ciki ce, maki 5, 01991 ta duk wani kwanci ko zama da ba wannan ba, maki 3. Shekara da shekaru asibitocin ciwo da dama da 01992 suke rayuwa, har hannu ya saba: an ga "rub da ciki" a takarda, an buga lamba. Amma ki karanta bayanin da kyau. Bai ambaci ƙashin baya ba, bai ambaci hoto ba. Ƙa'idar wannan sana'a kuwa ita ce lambar da ta fi faɗin aikin daki-daki ita ake ɗauka, ta gama-gari sai in babu ta musamman. Saboda haka yadda mara lafiya ya kwanta ita ce tambayar ƙarshe da za ki yi. Kusan duk wanda za a yi wa allurar tsatso da fuloroskofi rub da ciki yake kwanciya, da kwanci ne ke yanke hukunci da 01938 ba ta da amfani ke nan tun ranar da aka ƙirƙiro ta.

To ina 01991 da 01992 suka rage? A allurar jijiyoyin da ke wajen ƙashin baya, kamar ta ƙeya mai lamba 64405, da efidural ɗin da aka yi ba tare da hoto ba, wato 62320 da 62322, duk da cewa wannan ta yi wuya yanzu ga masu Medicare tunda dokokinsu na son a yi da fuloroskofi ko CT. Allurar mahaɗar sakram da ƙashin ƙugu, 27096, ita ma ni a can nake kai ta, don kundin CPT kansa a sashen ƙugu ya ajiye ta, ba a na ƙashin baya ba.

Bari in faɗi abin da ba a cika faɗa a ofis ba. Bambancin 01992 da 01938 maki ɗaya ne, kuma makin nan kuɗi ne. Lissafin aikin sa barci shi ne a haɗa makin tushe da makin lokaci a ninka da farashin maki. Medicare na ɗaukar kowane minti 15 a matsayin maki ɗaya, tana kuma lissafa gutsure, saboda haka minti 22 ya zama 1.5. Da 01938 kin sami 5.5, da 01992 kin sami 6.5. Farashin maki a Medicare a 'yan shekarun nan dala 20 ne da 'yan kai, yana ɗan motsawa daga yanki zuwa yanki. Ke nan kusan dala 110 da kusan dala 130. Dala 20 ba ta cika ido ba, amma ki ɗauka asibiti na yin irin wannan talatin a mako, a shekara ya ɗan haura dala dubu talatin. Mai binciken kuɗin gwamnati ba takarda ɗaya yake dubawa ba, jerin ayyukan shekaru yake zubawa a kwamfuta, ya ga likitan allura ya caji 64483, lambar efidural ta gefe a tsatso, wadda hoto na cikinta dole, ɓangaren sa barci kuma ya caji 01992 a rana ɗaya ga mutum ɗaya. Ba ya bukatar buɗe fayil kafin ya ɗaga gira. Ban ce abokiyar aikinki da gangan take yi ba, yawanci sabo ne. Sabo dai ba ya hana a ce a dawo da kuɗi.

Hanyar da nake koya wa sababbi ita ce kada a fara da takardar mai sa barci. Ki fara da rahoton likitan da ya yi allurar, ki fitar da lambar aikinsa, sannan ki buɗe Crosswalk na ƙungiyar likitocin sa barci, ASA, na shekarar da aka yi aikin, wanda ke haɗa kowace lambar aiki da ta sa barcin da ta dace da ita. Wani lokaci za ki ga lamba ta farko da wasu na madadi a ƙasanta, rahoton likita ne zai zaɓa miki a cikinsu. In wani kamfanin inshora mai zaman kansa yana da tasa doka a rubuce da ta saɓa, ki bi tasa a kan takardunsa kaɗai, ki kuma ajiye kwafin dokar da kwanan wata. Abin da wani ya gaya miki a waya ba hujja ba ne ranar bincike.

A cikin rahoton akwai wuraren da ido ke zamewa. Gaɓar T12-L1 tana da L a sunanta, sai hannu ya tafi tsatso, alhali CPT a tsakiyar baya ta sa ta: 64479 in efidural ta gefe ce, 64490 in allurar ƙaramar mahaɗa ce. Ke nan sa barcinta 01937 ne. Makin ɗaya ne da na 01938, amma takardu biyu masu faɗin wuri daban-daban a jikin mutum ɗaya suna jawo tambaya. Sai allurar gwaji da ƙona jijiya. Wuri ɗaya ake sa allura, kwanci ɗaya, hoto ɗaya, har rahotannin kan yi kama. In maganin kashe zafi aka ɗura a jijiyar ƙaramar mahaɗa, 64493 ce, sa barcinta 01938. In na'ura aka kunna aka ƙona jijiyar, rahoton zai faɗi zafin da aka kai da daƙiƙun da aka ɗauka, kamar digiri 80 na daƙiƙa 90, wannan 64635 ce, sa barcinta 01940. Siminti a tsakiyar baya, 22513, 01941 ke bin sa, a tsatso, 22514, 01942. Huda baya don ɗebo ruwan laka ba tare da hoto ba, 62270, tana da tata lambar tun da daɗewa, 00635. Wadda nake roƙon ki nisanta ita ce 00630. Sunanta na cewa aiki a tsatso, maki 8 gare ta, sababbi na ganin ta su yi murna, amma ba ta allura ba ce sam.

In an yi ayyuka biyu a zama ɗaya, ko an yi gaɓa uku, ko dama da hagu, lambar sa barci ɗaya ce tak: wadda ta fi yawan makin tushe, da jimlar mintunan duka. Likitan allura yana da lambobin ƙari na gaɓa ta biyu da ta uku, mai sa barci ba shi da su.

Sai wanda ya ba da maganin. Duk lambobin nan masu farawa da sifili na mutum na biyu ne, wanda ba shi ke riƙe da allurar ba. In likitan da ke yin allurar shi ne ya ba da umarni aka sa maganin kwantar da hankali, wata nas da ba ta da wani aiki sai sa ido tana lura da mara lafiya, to 99152 ce ta minti 15 na farko da 99153 ta kowane ƙari, kuma sai lokacin ya kai minti 10 ake cajin ta farkon. A naki aikin nas mai sa barci ce, CRNA, saboda haka sai harufan ƙari. QZ in ita kaɗai ta yi ba likitan sa barci da ke jagorantar ta, QX in akwai, shi kuma likitan ya tura tasa takardar da QY ko QK su raba kuɗin rabi da rabi. A nan akwai tarko: likitocin ciwo da yawa asalinsu likitocin sa barci ne, sai a ɗauka likitan da ke allurar shi ne mai jagora. Wanda hannunsa ke kan allura ba ya jagorantar sa barci a lissafin caji, ko me takardar shaidarsa ta ce. In dattijon bai shiga cikakken barci ba, irin kulawar da ake kira MAC aka yi masa, ki ƙara QS a baya. Layin zai fito 01938-QZ-QS a akwatin 24D na fom ɗin CMS-1500, sai 22 a akwatin 24G, don mintuna Medicare ke so, ita za ta mai da su maki. Alamomin halin lafiya P1 zuwa P6 da 99100 ta wanda ya haura shekara 70, wasu kamfanoni na biyan su, Medicare ba ta ƙara ko sisi a kansu.

Mintunan ma ki duba su da idonki. Lokaci na farawa ne sa'ad da mai sa barci ya soma shirya mara lafiya a ɗakin aiki, ya ƙare sa'ad da ya miƙa shi lafiya ga masu kula da farfaɗowa. Hira da dubawar da aka yi kafin a shiga ba ta cikin lissafi, makin tushe ya riga ya biya ta. In takarda ta ce an fara 9:04 an gama 9:26, sai ki leƙa ta mara lafiya na gaba. In ta ce an fara 9:20 da sa hannun nas ɗin nan dai, mutum ɗaya ya kasance a ɗaki biyu ke nan, ki mayar a gyara kafin ki tura. Haka in kika ga duk ayyukan yini minti 30 cif-cif, babu 27 babu 34.

Duk wannan bayanin lamba ne, kuma ni a ganina ba a nan takardar dattijonki za ta fi fuskantar haɗari ba. Tambayar da ta fi girma ita ce me ya sa aka sa masa maganin barci tun farko. Tun 2021 kamfanonin da ke biyan kuɗin Medicare a yankuna suka fito da dokoki kusan iri ɗaya a kan allurar efidural da ta ƙananan mahaɗai. Abin da suka ce a taƙaice shi ne waɗannan allurai ba kasafai suke bukatar fiye da kashe fatar wurin ba, mai tsoron allura ma ƙwayar kwantar da hankali ta sha yawanci ta ishe shi, kuma in an sami wanda halinsa ya fita daban, dole fayil ya nuna dalilin a kan shi wannan mutumin. A ƙona jijiya sun ɗan sassauta, suna karɓa idan akwai shaidar mutum ba ya iya tsayawa cik ko yana da ciwon da zai hana aikin, amma fargaba ko son ran mara lafiya kaɗai ba su isa ba. ASA da kanta, wadda 'ya'yanta ke cin wannan kuɗi, matsayinta ke nan a rubuce: yawancin ƙananan alluran ciwo ba sa bukatar mai sa barci.

Ba rowa ce kawai ta kawo wannan ba. Mutumin da ke farke shi ne ke cewa likita wani abu ya tsarga masa har ƙafa ko hannu, likita ya janye allurar kafin ta yi ɓarna. Wani nazari da aka wallafa a 2011 a kan ƙararrakin da aka kammala game da allurar wuya ya nuna cewa a waɗanda laka ta samu rauni, kashi 67 cikin ɗari an sa musu barci ko maganin kwantarwa, a sauran kuwa kashi 19 ne. Sannan allurar gwaji aikinta ke nan ta nuna ko ciwo ya ragu, Medicare na neman raguwar kashi 80 kafin ta yarda a ƙona jijiya, wanda kuwa aka ɗura wa maganin ciwo ta jijiya zai ce ya ji sauƙi ko da allurar ba ta sami wurin ba.

A 2025 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya fitar da rahoto a kan wannan batu kai tsaye, ya ƙiyasta cewa da an sa ido yadda ya kamata da Medicare ta tsira da kimanin dala miliyan 17.7. A fayiloli 28 da aka buɗe, 20 ba su nuna dalilin sa barcin ba. Irin wannan rahoto in ya fito, wasiƙun neman fayil ne ke biyo bayansa.

Saboda haka kafin ki tura, ki buɗe takardar dubawar da nas ɗin ta yi kafin aiki. "Mara lafiya na fargaba" layi ne da ake samu a kusan kowane fayil, kuma ba ya tsayawa. Abin da ke tsayawa shi ne a ce dattijon na da ciwon karkarwa da ke hana shi kwanciya cik, ko an taɓa fara masa wannan allurar a wata rana da aka ambata aka fasa don ya kasa daurewa, ko yana da ruɗewar tsufa ba ya bin umarni, ko zuciyarsa da huhunsa na bukatar mai sa ido na musamman in ya kwanta rub da ciki. Lambar ciwon da ya kawo shi, kamar M54.16 ta ciwon jijiyar tsatso, tana bayyana dalilin allura ne, dalilin sa barci lambarsa daban, kuma likita ko nas ne za su rubuta shi. Ke ba ki da hurumin ƙara ciwon da ba a rubuta ba, ko da kin gan shi a jerin magungunan mutum, ko da wani a ofis ya ce kowa haka yake yi. Abin da za ki iya shi ne ki mayar da tambaya a rubuce ga wanda ya duba shi. In kuwa gaskiyar ita ce dattijon ne kawai ya ce shi dai a sa shi barci, akwai hanyarta: a ba shi fom ɗin ABN ya sa hannu kafin aiki cewa ya san wataƙila shi zai biya, a tura da GA. In ba a ba shi ba kuma ana sa ran za a ƙi biya, GZ ake sawa, asibiti ya ɗauki asarar. Ba a kawo wa mutum fom ɗin nan bayan ya farka.

Wani abu kusa da wannan da zai zo miki wata rana: in allurar bayan ita ce sa barcin kanta, kamar wanda aka kashe wa rabin jiki don a canja masa gwiwa, ba ruwanki da duk lambobin nan. Aikin tiyatar ake bi, 01402, allurar na cikinta.

Game da mai koya miki aiki, kada ki je mata da gardama a gaban mutane, sabuwa ce ke, ita kuma ta riga ki. Ki ɗauki kundin CPT na bana ki buɗe shafin, ki ce ki ga abin da na gani Anti, ko na fahimta daidai. In ta tabbata an daɗe ana tura 01992 a alluran ƙashin baya masu hoto kuma Medicare na biya, maganar ta wuce ku biyun, ta jami'in kula da bin doka ce na asibitin, don dokar Amurka ta ba da kwana 60 a mayar da rarar kuɗi daga lokacin da aka gano ta. Ki sanar da shi a rubuce, ki ajiye kwafi.